Kafin ka sayi ɗan kwikwiyo, nemi ganin uwarsa

Bara da bazara wani maƙwabcina a Dutsin-Ma ya dawo daga tafiya da ɗan kwikwiyo a cikin kwali, mai gashi lufu-lufu ruwan zinare. Kuɗi masu kauri ya biya, don ya tsare masa gida da 'yan awakinsa. Kwana tara aka yi, kwikwiyon ya ƙi abinci, ya kama amai da zawo mai jini, ya mutu a gindin randa inda yake neman sanyi. Da na tambaye shi ko ya ga uwar, sai ya ce, "Malam, a bakin titi fa aka miƙo min shi."

Cinikin biri a sama ke nan. Alamomin da na gani irin na cutar fabo ne, ƙwayar cutar da ta bazu a duniya a 1978, wadda ke yi wa 'yan kwikwiyon da ba su samu allura ba kisan gaggawa. Amma matsalar ta fi cuta guda faɗi, kuma tana farawa ne tun daga gidan da aka haifi dabbar.

Mai gashin zinaren nan, da Turawa ke kira golden retriever, a Sikotland aka ƙirƙiro irinsa a shekarun 1860, don ya riƙa ɗauko wa maharba tsuntsayen da suka harbo a ƙasa mai sanyi da dausayi. Kare ne mai sanyin hali da son mutane, bai dace da gadi ba, ballantana zafin Afrilu na ƙasar Katsina da ke haura digiri 40. Yakan rayu shekara 10 zuwa 12, kuma a Amurka fiye da rabinsu ciwon daji ke kashewa. Abin ya dami masana har gidauniyar Morris ta soma bin lafiyar fiye da 3,000 daga cikinsu tun 2012. Wani ɓangare na larurar gado ne. Idan aka yi ta haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa, don launi ya fito tsaf, cututtukan da ke ɓoye a jini su ma fitowa suke yi, kamar gocewar ƙugu da ciwon ido da na zuciya.

Tsofaffin mafarautan Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar Zobe ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi. Mafarauci ba ya karɓar kwikwiyo sai ya san karyar da ta haife shi: gudunta, juriyarta, ko tana da faɗa da yara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A ganina, ga mai neman karen gadi ko kiwo ko farauta a wannan yanki, karen gida da aka san asalinsa ya fi baƙon da ba a san inda ya fito ba, domin ya saba da rana da ƙura da abincinmu.

Ko wane iri ka zaɓa, taka ka je gidan mai kiwon. Dubi uwar, ko haƙarƙarinta sun fito, ko kunnuwanta cike suke da kaska. Tambayi shekarun uban da kakar, da abin da ya kashe waɗanda suka mutu. Buɗe bakin kwikwiyon: dasashi fari fat alamar ƙarancin jini ne, tumbi a kumbure kuma alamar tsutsar ciki. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 tare da uwarsa ba. Sannan ka nemi katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi, domin allurar farko tana zuwa ne tsakanin mako 6 da 8, ta ciwon haukan kare kuwa a wata 3. Mai kiwon kirki shi ma zai yi maka tambayoyi a kan inda za ka ajiye dabbar.

Maganar haukan kare ta wuce lafiyar dabba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar a nan gida. Mai gida, idan akwai kare a gidanka, kai shi asibitin dabbobi a wannan makon.