Daga gona zuwa aji: abin da ɗalibi ke fuskanta idan sabon zango ya kama a Gumel

Duk lokacin da Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel ta sanar da ranar komawa karatu, lissafi yakan tashi a gidaje da dama na ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗa masarautar Gumel: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ga 'ya'yan manoma da na 'yan kasuwa a wannan yanki na iyakar Najeriya da Nijar, wannan kwaleji ce babbar makaranta mafi kusa da gida, kuma ita ke yaye malaman da ke riƙe da azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare.

Rumbu ne ke biyan rajista

Abu na farko da ɗalibi zai yi shi ne rajista: biyan kuɗi ta intanet, cike takardun darussa, da neman sa hannun sashensa. Sabon shiga kuwa sai ya tabbatar gurbinsa ya bi ta hukumar JAMB, domin gurbin da hukumar ba ta san da shi ba yakan zame wa mai shi matsala bayan ya gama.

Kuɗin wannan hidima galibi daga gona yake fitowa. Gero da dawa na ci ne. Riɗi, zoɓo da wake su ne na sayarwa. Idan zango ya faɗo a kaka, lokacin da amfanin gona ya cika kasuwa kuma farashi ya sauka, uba yakan rabu da buhunsa da araha don kada a rufe rajista. Idan ya faɗo da bazara, rumbu ya yi ƙasa, sai a kai akuya ko rago kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Shi ya sa rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, wanda Najeriya ba ta janye ba sai a Maris 2024, ya shafi ɗalibai kai tsaye: kasuwa ta yi sanyi, aljihun iyaye ma ya yi.

Tsadar hanya da makwanci

Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ɗalibin da a da yake hawa babur daga ƙauyensu kullum ya koma gida da yamma, yanzu sai ya zaɓa: ya nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ya haɗa kuɗi da abokai su kama ɗaki a gari, ko ya raɓa da wani ɗan'uwa. Ga ɗaliba mace, musamman mai aure ko mai goyo, zaɓin ya fi ƙunci, domin sai gida ya aminta da inda za ta sauka.

Jinkirin dawowa yana da farashi. A ƙa'idar Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wato NCCE, gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango suna ɗaukar kashi 40 na maki, jarrabawa kashi 60, kuma ana son ɗalibi ya halarci aƙalla kashi 75 na darussa. Wanda ya tsaya girbi ko neman cikon kuɗi har makonni suka shuɗe, ya fara zangon ne da gurguwar ƙafa. Ɗan shekara ta uku kuma yana da ƙarin nauyi: koyon koyarwa a wata makaranta, inda kuɗin mota da kayan aiki ke kansa.

Me bashin ɗalibai ya warware?

A Afrilun 2024 aka sa hannu kan sabuwar dokar bashin ɗalibai, asusun NELFUND kuma ya buɗe shafinsa a Mayun shekarar, daga baya aka shigar da makarantun jihohi. Asusun yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye zuwa ga makarantar, ya kuma ba shi naira 20,000 a wata don ɗawainiya, babu kuɗin ruwa. Ana buƙatar lambar JAMB, lambar ɗan ƙasa ta NIN, da ta banki wato BVN, sannan dole makaranta ta tura bayanan ɗalibanta.

Sai dai bashi hanji ne. Tsarin ya tanadi a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 na albashi. Mai shaidar NCE ba ya zuwa hidimar ƙasa sai ya ƙara da digiri, don haka ya dace ya tantance ranar da biyan zai hau kansa kafin ya cike takarda. Haka kuma idan rajista ta rufe kafin kuɗin ya iso, ɗalibi ne zai nemo mafita da kansa.

Bayan shekara uku fa?

Manufar ilimi ta ƙasa ta sa NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da malami zai riƙe, ga kuma rajista da hukumar malamai ta TRCN. Amma shaida ba ta nufin aiki. A Jigawa, matasa da yawa sun shiga aji ne ta shirin J-Teach, a matsayin malaman wucin gadi masu karɓar alawus, kafin gwamnati ta mayar da wasunsu na dindindin.

A nan ne batun ya zama na siyasa. Kwalejin mallakar jiha ce, gwamnatin Gwamna Umar Namadi ce ke ɗaukar nauyinta, Majalisar Dokokin jiha kuma ke amincewa da kasafinta. Nawa aka ware mata, kuma nawa aka saki? Yaushe ake biyan tallafin karatu na jiha, kafin rajista ko bayanta? Malamai nawa za a ɗauka aiki na dindindin a bana? Amsoshin waɗannan tambayoyi ne za su nuna ko buhun riɗin da aka sayar a Maigatari zai dawo gida a matsayin albashin malami.