Tsani Mai Hawa Uku: Daga Matatar Abadan Zuwa Diban Gwamna

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na kudancin Katsina, kalmar "diban gwamna", wato kwasar mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, ta kusa ɓacewa daga bakin mutane. Waɗanda suka ga abin da idonsu yawanci sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa 'yan bindiga da tsadar taki sun ishe su tunani. Duk da haka kalmar ta cancanci a tono ta, domin a cikinta akwai tsarin da Turawan Ingila suka shimfiɗa a duk inda suka tarar da arzikin ƙarƙashin ƙasa, wato a biya ma'aikaci gwargwadon asalinsa. Inda tsarin ya fi fitowa fili shi ne matatar man fetur ta Abadan a ƙasar Iran (kada a ɗauke ta Badun ta ƙasar Yarbawa), don haka daga can zan ɗauko zaren.

An samu mai a Masjid Sulaiman a 1908, aka kafa kamfanin Anglo-Persian a 1909, matatar Abadan ta fara aiki a 1912, sannan a 1914 gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarinsa. Shi ne kakan kamfanin BP na yau. Matata tana son kanikawa da maƙera da magina da akawuna, mutanen yankin kuwa manoma ne da makiyaya. Sai kamfanin ya juya Indiya, ya yi ta kwaso dubban ma'aikata bisa yarjejeniyar wa'adi. Wasu daga matatar Rangoon ta ƙasar Bama aka ɗebo su, kuma masallacin da Musulmin cikinsu suka gina, wanda ake kira Masallacin Rangooni, yana nan a Abadan har yau.

Da haka tsani ya tashi. A can ƙololuwa akwai Bature, a unguwar Braim mai lambuna da gidajen shaƙatawa. A tsakiya akwai Ba'indiye, a jerin ɗakunan bariki. A ƙasa akwai ɗan Iran mai ƙasar, lebura, kuma da yawansu sun ƙare a bukkokin da ake kira Kagazabad, ma'ana garin takarda. Wanda ya hango Ba'indiye daga ƙasa zai ce ya samu duniya, tunda albashinsa ya fi na lebura. Shi kuwa ya san inda takalmin yake matsa masa. Komai ƙwarewarsa ba ya hawa kujerar Bature, yaron da ya sauko daga jirgi jiya shi zai zama ubangidansa, iyalinsa suna can ƙetaren teku, kuma takardar da ya sa wa hannu ta ba kamfani ikon mai da shi gida duk ranar da ya ɗaga murya.

Ya kuwa ɗaga. A watan Disamba 1920 ma'aikatan Indiya wajen 3,000 suka ajiye aiki, suna neman ƙarin albashi, rage sa'o'in aiki, gyaran muhalli, da daina cin mutuncinsu. Kamfani ya ba da ƙari. Da suka sake yajin aiki a 1922 sai ya nuna musu ɗaya fuskar: aka loda wajen 2,000 a jirgin ruwa aka mai da su Indiya. Bayan yarjejeniyar 1933 da gwamnatin Iran, wadda ta wajabta wa kamfanin rage baƙi domin 'yan ƙasa su samu gurbi, wuƙar a wuyan Indiyawa ta fi sauka. Kujerun sama ba su girgiza ba sai 1951, da Firaminista Musaddiƙ ya mai da man hannun gwamnatin Iran.

Me ya sa kamfani ya zaɓi wannan tsari? Akwai arha, domin Ba'indiye zai yi aikin da Bature zai yi a kan kuɗin da bai kama ƙafar nasa ba. Amma a ganina babban dalilin ya wuce kuɗi. Baƙon da ba shi da dangi a gari, ba ya jin harshen lebura, kuma ana iya korarsa da takarda guda, ya fi kowa sauƙin juyawa. Sannan shi ne lebura yake gani kullum: shi ke rubuta suna, shi ke yanke kuɗin makara, shi ke ƙirga albashi. Haushin na ƙasa a kansa yake ƙarewa, na sama yana can yana shan iska.

Duk wanda ya san tarihin filin kuza na Jos zai ji kamar labarin gida ake ba shi. A can ma Bature ne manaja da injiniya. Matakin tsakiya, na akawuna da kanikawa da direbobi, yawanci 'yan kudu ne suka cika shi, da mutanen Gwalkwas da Saliyo. Ba laifinsu ba ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita makarantun mishan a ƙasashen sarakuna, ita kuma ba ta gina nata da yawa ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ɗalibai ƙalilan take ɗauka. Saboda haka Bakatsinen da ya je Jos cin rani don ya haɗa kuɗin haraji, diga da kwano ne rabonsa, ƙarƙashin helma.

Shi ɗan cin rani da ƙafarsa ya je. Abin da ya fi muni ya zo a 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda aka fi haƙar kuza a daular Ingila. Sai aka ɗora wa lardunan Arewa kaso, har da Lardin Katsina, a kawo mutane ko suna so ko ba sa so. Umarni yakan sauko daga Razdan zuwa En'e, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, kuma kowa ya san ɗan wa ake fara nunawa idan aka ce a kawo mutum: wanda ba shi da uwa a gindin murhu. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutane wajen 100,000. Suka tarar da sanyin tsaunin Jos ba su da bargo, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bariki. Da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. Ingila kuwa ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 kan aikin tilas, amma ta fake da yaƙi. Kuzar da aka ƙaru da ita ba ta taka kara ta karya ba, aka soke diban a 1944.

Ga yanki irin kudancin Katsina, mai dogaro da dawa da auduga, hasarar ba ta tsaya kan wanda aka ɗauka ba. Ƙarti majiya ƙarfi ake ɗiba, su ne masu huɗa da noma, kuma lokacin ya zo daidai da yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau. Audugar da ta tsira kuma injin gurza na Funtua take nufa, ta hau jirgin ƙasan da ya ratsa garin zuwa Gusau, a kan farashin da ba manomi ne ya yanka ba.

Adalci ne a faɗi abin da aka samu. Mutane sun koyi sana'a, kuɗi ya shiga hannu, kuma a irin waɗannan wurare ne ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ƙarfi. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, ya tsai da jiragen ƙasa fiye da kwana 40 kan neman kuɗin tsadar rayuwa. Sai dai idan aka ɗora a ma'auni, ɓarnar ta rinjaya. A wannan shekara ta 1945 aka yi rikici tsakanin Hausawa da Ibo a Jos, aka sake yin wani a Kano a 1953. Siyasa da gasar kasuwa suna da hannu a ciki, ba na musu. Amma wanda ya jera ƙabilu a kan tsani shekara da shekaru, ya sa wannan ya riƙe alƙalami wancan ya ɗauki kwano, shi ya tara itacen.

Tsanin bai tafi tare da Bature ba. Ku dubi masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, da matasanmu da ke shiga ramukan zinariya a dazuzzukan da suka haɗa mu da Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Mai shiga rami shi ke samun mafi ƙanƙanta, dillali na tsakiya shi ake zagi, mai lasisi da mai fitar da kaya waje ba a ma san fuskarsu ba. A masana'antu da dama kuma ɗan ƙasa yakan shekara biyar yana aikin wucin gadi ba takardar ɗauka. Yau a wasu wuraren Ba'indiye ne a kujerar manaja, abin da ke nuna cewa matsalar ba ta launin fata ko ƙabila ba ce, ta dokar da ba a tsaya an aiwatar ba ce.

Kirana ga sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma shi ne su tura ɗalibai Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, su kuma shiga garuruwan nan uku su naɗi muryar 'ya'yan waɗanda aka ɗiba. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, ka zauna da su yau ka tambaye su wa aka ɗauka a zuriyarku lokacin diban gwamna, kuma ko ya dawo.