Kunun zaƙi ko lemun kwalba: da me za mu tarbi baƙo?

Duk mai zuwa suna ko walimar aure a nan Matamaye ya san yadda abin ya koma. Da an shimfiɗa tabarmi, tun kafin a kawo abinci, idon baƙi yana kan kula, ana jiran a ga abin da za a fiddo daga ciki. In Coca-Cola ce ko Fanta ko Maltina, to maigida ya fita kunya. In kuwa aka shigo da ƙwarya da ludayi, sai a fara ƙus-ƙus, wai hannun wane ya yi sanyi. Kwanakin baya wani magidanci ya kira ta salula a cikin shirin da nake gabatarwa a radiyo, ya ce akuyar uwargidansa ya sayar ya sayi lemu ranar sunan ɗansa, don surukansa da suka zo daga Kano ba su saba da kunu ba. Har yau, in ji shi, bai mayar mata da akuyar ba, kuma maganar ba ta mutu a gidan ba.

Yawancin lemun da ake sha a nan ta hanyar Daura da Kwangwalam yake shigowa, ya bi Ɗan Barto ya iso kasuwarmu. Shi ya sa lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, Najeriya kuma ta yanke wa Nijar wutar lantarki, lemu ya yi tsada, ƙanƙarar sanyaya shi ma ta zama abin nema, har zuwa watan Maris na 2024 da aka janye takunkumin. A watannin nan gidaje da dama sun koma ga kunun zaƙi da zoɓo ba don suna so ba. To amma da hanya ta buɗe, sai aka koma gidan jiya.

Mai karatu, akwai abin da masu raina kunu ba su sani ba. Maltinar nan da ake ji da ita, daga tsiron hatsi ake yin ta. A shekarar 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje, abin da ya tilasta wa kamfanonin giya da na malt komawa ga dawa, irin wadda muke nomawa a gonakinmu. Ke nan hikimar da ke cikin kwalbar ita ce dai wadda kakanninmu mata suka daɗe suna aiki da ita a madafi: idan ƙwayar hatsi ta fara tsira, takan fitar da wani sinadari da ke narkar da gari ya mai da shi sukari. Dankalin Hausa ma yana da irin wannan sinadari, shi ya sa ake saka shi a kunun zaƙi.

Na kai wannan magana wurin gwaggona, wadda ta fi shekara ashirin tana kunun sayarwa, na tambaye ta me ya sa baƙon birni ke ture kunu. Ta ce, "Kai ɗan nan, ai ba kunun suke gudu ba, kauri da yaji da tsami suke gudu. Wanda harshensa ya saba da kwalba, ba ka yi masa kunun manomi." Ita kunun baƙi dabam take yin sa, kuma ga yadda na ga tana yi.

Kwana huɗu ko biyar kafin biki take fara tsiro. Takan jiƙa dawa ko shinkafa mai ɓawo kwana guda, ta tsane ta, ta baza a kan buhu mai tsabta a cikin ɗaki, ta lulluɓe, tana yayyafa ruwa safe da yamma. A rana ta uku ko ta huɗu tsiro ya fito, sai a shanya a rana ya bushe ƙarau. A nan akwai wurin da ba a wasa da shi. In dawa ce, dole a murje saiwoyin da kan tsiron a sheƙe su, domin ɗanyen tsiron dawa yana da guba, ita ce dai wadda makiyaya ke tsoro idan dabba ta faɗa wa gyauron dawa. Wanda ba ya son wannan wahala, ya yi da shinkafa ko busasshen dankali.

Ana gobe biki, sai a surfa gero tiya guda, a wanke, a rege tsakuwa, a jiƙa tun da hantsi. Da la'asar a kai inji a markaɗa shi da citta da kanumfari 'yan ƙwayoyi. Barkono da masoro, in don baƙin birni ne, gwaggo ba ta saka su sam. Tsiron kuma, kamar cikin tafi uku zuwa huɗu, dabam ake markaɗa shi. Daga nan sai a raba ƙullun gero kashi uku, a sheƙa wa kashi biyu tafasasshen ruwa ana motsawa har ya yi kauri kamar koko. Kada a yi gaggawar zuba tsiron a kai, zafin tafasa yana kashe sinadarin, kunu ya tsaya da kaurinsa babu zaƙi. A bari ya huce zuwa inda yatsa zai shiga ya fito da sauri, wato wajen digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin zafi, sannan a haɗa shi da ragowar kashi ɗayan da tsiron, a rufe. Na tsaya na gani da idona: kokon da ludayi ke tsayawa a cikinsa, kafin a yi sallar isha'i ya tsinke da kansa, ka ɗanɗana ka ji zaƙi alhali ko ƙwayar sukari ba a jefa ba.

Da asuba take tacewa, sau biyu, na biyun da farin ƙyalle mai laushi, don abin da ya fi korar mai shan lemu shi ne ya ji gari-gari a maƙogwaro. Sai ta ƙara tafasasshen ruwan da ya huce har kunun ya yi ruwa-ruwa, ta yadda mutum zai shanye kofi biyu bai ji ya ƙoshi ba. In tana son ya ɗauko kala da ƙamshin Maltina, takan soya kaɗan daga cikin busasshen tsiron a tukunya ba mai, sai ya yi ja, kuma ta ƙarasa zaƙin da mazarƙwaila maimakon farin sukari. Abin kunya ne a ce garin da raken fadamunsa ya yi suna a duk jahar Damagaram yana jiran zaƙi daga cikin kwalba.

Abu guda ne kunu ba zai ba baƙo ba, shi ne gas ɗin nan mai tsattsage harshe. Na ji wasu matasa na cewa a ɗura kunu a gora a toshe, a bar shi kwana biyu, zai yi gas. Gaskiya ne zai yi, amma a san abin da ake yi. Ƙwayoyin yis da ke cikin iska da jikin hatsi su ke cin sukarin, kuma gas da barasa tare suke fitar da su, ba a samun ɗaya ba ɗaya. Burkutu da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Aznan ƙasar Maraɗi suka gada, shi ma da tsiron dawa yake farawa. Bambancin shi ne su suna dafa ruwan, su zuba masa ragowar tsohon dahuwa, su bar shi ya yi kwanaki yana tashi da gangan. Tsakanin kunun zaƙi da giya, lokaci ne kawai da zafi. Malamai kan kawo hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka nuna cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce yammacin rana ta uku a wurinsa. A zafin bazararmu, da ma'auni kan haura digiri 40, kunun da ba ya cikin ƙanƙara ba ya kai ko kusa da haka. Wanda aka tace da asuba a shanye shi kafin magariba. Gorar da ta kumbura, ko ta yi tsaki da kumfa da aka buɗe, a zubar.

Ba zan ɓoye ba, ta wani fanni masu gudun kunu suna da hujja. Kwalba a rufe take zuwa, ɗanɗanonta na yau shi ne na gobe. Kunu kuwa ya danganta da hannun da ya yi shi da ruwan da aka yi shi da shi. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kama dubban mutane a ƙasar nan, jahohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gorunan roba da yara ke tsintowa a tasha da bakin asibiti ana ɗura kunu a ciki, da hura leda da baki kafin a zuba, da jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a cikin kunu, duk su ne suka zubar masa da daraja. Gwaggo a jikin bokitin take jera ƙanƙara, ba ta jefa ta ciki. Sai dai ita ma kwalbar ba ta wanke ba: gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ta kama kusan giram 50 ne ga baligi a yini ɗaya. Wanda ya sha biyu a walima ya riga ya wuce gona da iri, ga ciwon sukari yana ƙara yawa a cikinmu.

Ranar sunan 'yar ƙanena mun gwada. An sayo lemu katon ɗaya kacal don kada a ce an yi rowa, aka ajiye shi gefe, aka fara zagawa da kunun gwaggo mai sanyi a cikin kofunan tangaran a kan faranti. Wani dattijo da ya zo daga Damagaram ya shanye kofinsa, ya leƙa ciki, ya kira ni ya ce, "Yaro, wannan na wane kamfani ne?" Na ce masa, "Baba, kamfanin yana cikin gida, yana wankin tukwane." Ya miƙo kofin a ƙara masa. Da aka watse, kusan rabin katon ɗin yana nan ba a taɓa ba, yaran gida suka yi ta rigima a kansa har dare.