Gubar da Ido Ba Ya Gani: Yadda Ake Gwada Abincin Dabbobi

Gabatarwa

A unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ke birnin Kano, da wuya mutum ya ratsa layi bai tarar da gidan da ake kiwon kaji ko turkar raguna ba, musamman idan Babbar Salla ta gabato. Abincin waɗannan dabbobi kuwa yawanci saye ake yi, kamar dusa da harawa da tunkuza da haɗaɗɗen abincin kaji. Mai saye yakan damƙi dusa ya duba, ya sansana, sa'an nan ya yi ciniki. To amma akwai guba iri biyu da ido da hanci ba sa iya ganowa, wato gubar fumfuna da gubar ƙarafa.

Gubar fumfuna

A shekarar 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa tunkuzar gyaɗar da aka sayo daga Birazil ce sanadi. Wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ta kama gyaɗar, ta zuba mata guba. Daga sunan fumfunar aka ƙirƙiro wa gubar suna aflatoksin. A wancan zamani Nijeriya tana sahun gaba wajen fitar da gyaɗa, dalar gyaɗa kuma tana tsaye a Kano. Saboda haka masu bincike a Samaru ta Zariya suka duƙufa a kan lamarin, inda suka nuna cewa jinkirin cirar gyaɗa, da fashewar kwanso, da rashin bushewa da wuri, duk suna ƙara yawan gubar.

Ita wannan fumfuna a ƙasa take zaune, kuma zafi da laima take so. Takan shiga gyaɗa ko masara tun a gona, musamman idan fari ya galabaitar da shuka ko ƙwari sun huda ƙwaya, sa'an nan ta ci gaba da yaɗuwa a ma'aji mai danshi. Dafuwa ko suya ba sa kawar da gubar, domin tana jure zafin da ya haura digiri 200.

Hanta ce gaɓar da aflatoksin ke fara yi wa illa. Kajin da ke cin gurɓataccen abinci sukan daina girma, su rage ƙwai, rigakafin da aka yi musu kuma ya ƙi kamawa sosai. Idan saniya ta ci, hantarta takan sauya wani kaso na gubar zuwa nau'in da ake kira M1, wanda ke fita ta cikin madara. Ke nan al'adar tsince ruɓaɓɓen hatsi a zuba wa dabbobi ba ta raba gida da gubar ba, hanya kawai ta sauya mata. Ga ɗan Adam, aflatoksin na haddasa ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

Gubar ƙarafa

Ƙarafa irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam ba sa ruɓewa. Dalma da kadmiyam sukan taru sannu a hankali a hanta da ƙoda da ƙashi. Sukan shiga abincin dabbobi ta hanyar ciyawar da aka yi wa ban-ruwa da dagwalon masana'antu, kamar na majemun Sharaɗa da Calawa da Bompai, ko ta gishirin ma'adinai maras inganci, ko kuma ta tsohon batirin mota da shanu ke lasa a juji.

A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Tun kafin a ankara da yawan mutuwar yara, mazauna ƙauyukan sun lura agwagi suna ta ƙarewa. Wato dabba takan riga mutum nuna alama, in da mai kula.

Yadda ake gwaji

Matakin farko, wanda kuma ya fi kowane muhimmanci, shi ne ɗibar samfur. Aflatoksin ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan na iya ɗauke da gubar da za ta ɓata lodi guda, alhali sauran lafiya lau suke. Don haka akan soki buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa abin da aka ɗiba, a niƙe shi lukui, a cakuɗa, sa'an nan a ɗebi kaɗan. Idan aka yi sake a nan, komai tsadar na'ura sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Mataki na biyu shi ne tatso gubar. Akan jiƙa garin a cikin sinadarin metanol da aka sirka da ruwa, a girgiza, a tace. A tsohuwar hanya, akan ɗiga ruwan a kan faranti mai shafen sinadari, a bar shi ya rarrabe, a haska shi da fitilar altarabayolet a cikin duhu. Wasu nau'o'in gubar sukan yi ƙyalli shuɗi, wasu kore, kuma daga nan ne aka raba su zuwa B1 da B2 da G1 da G2. B1 ce mafi haɗari. A yau akwai tsinken gwaji, mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin mintuna kaɗan. Manyan ɗakunan bincike kuma suna da na'urorin da ke auna adadin gubar daidai-wa-daida.

Da kashi cikin biliyan ake yin wannan awo. A Amurka iyakar da aka yarda da ita a abincin shanun tatsa ita ce kashi 20 cikin biliyan, wato giram 1 kacal a cikin buhu 500 masu kilo 100.

Gwajin ƙarafa kuwa dabam yake. Akan narkar da samfur a cikin asid mai ƙarfi har ya zama ruwa garau, a fesa shi cikin harshen wuta, a ratsa shi da haske. Kowane ƙarfe yana da irin hasken da yake shanyewa, kuma gwargwadon yawansa, gwargwadon hasken da zai shanye. Alan Walsh ne ya fito da wannan dabara a Ostareliya a shekarar 1955.

Matakan kariya

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana daga cikin masu sa ido a kan ingancin abincin dabbobi. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka lulluɓe da nau'in fumfunar da ba ya yin guba. Idan aka watsa shi a gona kafin shuka ta yi fure, yakan mamaye wuri ya hana mai gubar sakat.

Shi ma mai kiwo yana da nasa aikin. Ya guji dusar da ta dunƙule ko take warin danshi, komai araharta. Ya ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, kada kuma ya tara abin da zai daɗe a ajiye da damina. Kyan gani ba shaidar lafiya ba ne, don haka ya dace masu kiwo su haɗa kai su riƙa kai samfur ɗakin bincike.

Kammalawa

Malamai na iya nuna wa ɗalibai tushen lamarin cikin sauƙi. A zuba busasshiyar gyaɗa a kwalba ɗaya, jiƙaƙƙiya a wata, a rufe su ruf, a riƙa dubawa har mako guda ba tare da an buɗe ba. Ɗalibin da ya ga bambancin zai fahimci cewa lafiyar madarar da yaro zai sha ta faro ne tun daga shanyar gyaɗa. Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.