Kashin jini a kaji da illar jiƙaƙƙiyar shimfiɗa

Kashin jini, wanda likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis, ciwon hanji ne da wata ƙwayar cuta mai suna Eimeria ke haddasawa. Ya fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6. Kazar da ta kamu takan takure ta saki fuka-fukai, ta daina ci, kashinta ya riƙa fita da jini ko majina. Wadda ta tsira ma ba ta yin nauyi, abinci kawai take cinyewa.

Ƙwayar na fita ne a cikin kashin kaza, amma ba ta iya kama wata sai ta samu danshi da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu. A nan sakacin masu kiwo ke shigowa. A Gwarzo da Kabo, daga Getso har Garo, ana yawan kiwon buloila a ɗan ɗaki na bayan gida, a zuba buntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa. Sai a ajiye mazubin ruwa yana ɗiga, wurin ya dagule ya yi baƙi, wari ya tashi, mai kaji ya tsallake ya wuce. Wani ma da gangan yake barin shimfiɗar ta taru, domin ya tara buhunan taki ya sayar wa manoma. Kuɗin takin nawa ne in aka kwatanta da kajin da za a kwashe matattu? A watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka babu ƙaƙƙautawa kuma rufi na yoyo, ɓarnar ta fi muni.

Gyaran bai da tsada. A ɗora mazubin ruwa a kan bulo, a kwashe duk inda ya jiƙe ranar da aka gani, a zuba busasshe. Iska ta riƙa ratsa ɗakin, kada a cunkusa kaji. Kafin a kawo sababbin 'yan tsaki, a fitar da tsohuwar shimfiɗa gaba ɗaya, a wanke ƙasa, a bar ta ta bushe ƙayau, domin ƙwayar na yin watanni da ranta, kuma maganin wanke ɗaki na yau da kullum ba ya kashe ta. Haɗa tsaki da manyan kaji ganganci ne, don manyan kan ɗauki cutar ba tare da sun nuna alama ba.

Idan jini ya bayyana, ɓare kafso a ruwa ba magani ba ne. Amprolium da toltrazuril su ne aka sani da wannan aiki, a ba dukan kajin ɗakin bisa awon likitan dabbobi, a cika kwanakin da aka rubuta. Amprolium na aiki ne ta hana ƙwayar samun bitamin B1, saboda haka a jinkirta ba da bitamin sai an gama ba da maganin. Kada kuma a yanka ko a sayar da kaza sai wa'adin da ke jikin takardar maganin ya cika.