Shin Ko Kun San? Gwanayen Alƙalami na Ƙasar Farisa

A ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, kyan rubutu sana'a ce mai daraja. Sarakuna sun yi takara wajen mallakar gwanayenta, gwanayen kuma sun ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban malamai kafin a san da su.

Shin ko kun san cewa da ɗigo ake auna haruffa? Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, shi ya tsara wannan ƙa'ida: a dangwala bakin alƙalami a takarda, ɗigon da ya fito shi ne ma'aunin tsayin alif da faɗin sauran haruffa. A kan wannan harsashi Farisawa suka yi gininsu.

Shin ko kun san cewa salon da Farisawa suka fi alfahari da shi, Nasta'aliƙ, ya tsaya da ƙafarsa ne a ƙarni na 14? Mir Ali na birnin Tabriz ake jingina wa daidaita shi. Kalmominsa suna gangarowa ne daga dama zuwa hagu, layi ya yi kauri a nan ya sirance a can. Ya fi dacewa da waƙa, shi ya sa aka fi rubuta diwanan mawaƙa da shi.

Shin ko kun san cewa ba kasafai ake rubuta Alƙur'ani da wannan salo ba? An fi amfani da salon Nasakh saboda wasulla su zauna daram. Duk da haka, Shah Mahmud na Nishapur ya rubuta cikakken Alƙur'ani da Nasta'aliƙ a ƙarni na 16, yana nan ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul.

Shin ko kun san cewa an taɓa kwashe marubuci kamar ganimar yaƙi? Da Uzbekawa suka ci birnin Herat wajen 1528, sun tafi da Mir Ali Harawi zuwa Bukhara. A can ya ci gaba da aiki da koyarwa, bai sake komawa gida da zama ba.

Shin ko kun san cewa wanda ake ɗauka a matsayin sarkin Nasta'aliƙ kashe shi aka yi? Mir Imad Hasani ɗan Ƙazwin ne, ya yi aiki a Isfahan zamanin Shah Abbas na Ɗaya. Ɗaukakarsa ta jawo masa mahassada a fada, aka kashe shi a 1615. Har gobe ɗalibai suna kwaikwayon hannunsa harafi bayan harafi.

Shin ko kun san cewa gwani da kansa yake haɗa kayan aikinsa? Alƙalamin na kara ne, kuma karan yankin Dezful ya yi suna. Zai fiƙe shi, ya tsaga bakin, sannan ya ɗora shi a kan ɗan ƙashi ya datse shi a karkace da sara ɗaya. Tawada kuwa da kunkunniyar fitila ake yin ta a haɗa da ƙaro, irin ƙaron da malamanmu ke zubawa a tasu tawadar. A cikin kurtu ana cusa zaren siliki don kada alƙalami ya ɗebo fiye da kima. Takarda ma sai an shafe ta da sitati, an goge ta da dutse mai santsi har ta yi sheƙi.

Shin ko kun san cewa takardar gwaji ma ta zama abin ado? Gwanaye kan yi ta maimaita harafi ɗaya a kan wani har shafi ya yi baƙi ƙirin. Ana kiran wannan Siyah Mashƙ. Na Mirza Gulam Riza Isfahani, gwanin ƙarni na 19, suna rataye a gidajen tarihi.

Shin ko kun san cewa akwai salon da aka ƙirƙira don sauri? Shikasta ke nan, inda haruffa ke sarƙe juna. Darwish Abdulmajid Taliƙani, wanda ya rasu a 1771, shi ya kai shi ƙololuwa.

Shin ko kun san cewa wanda ya tsara ayoyin da ke jikin Taj Mahal a Indiya mutumin Shiraz ne? Amanat Khan sunansa, kuma sa hannunsa yana nan a jikin ginin.

Shin ko kun san cewa Nasta'aliƙ ya daɗe yana gagarar injin buga littafi? A da, jaridun Urdu a Pakistan masu amfani da wannan salo da hannu ake rubuta su, sai a 1981 aka samar da salon a kwamfuta.

Shin ko kun san cewa sana'ar tana raye? An kafa Ƙungiyar Gwanayen Rubutu ta Iran a 1950, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya shirin ƙasar na kare wannan fasaha cikin jerin tsare-tsaren da suka zama abin koyi.

Mu ma muna da mahaddata masu rubuta Alƙur'ani da ka, da hannu mai ban sha'awa. Mu sayi aikinsu da daraja, mu tura yara su koya a wurinsu.