Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa: baƙo na wucewa da kuɗinsa

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa: da asuba ka gan shi, kafin hantsi ya kau. Duk wanda ya taɓa shiga kar daga Yamai zuwa Damagaram ya ga gaskiyar wannan magana da idonsa. Motar takan ratsa Gidan Rumji, ta bar Tsibiri a gefe, ta huta a Maraɗi, sannan ta miƙe Cadawa, Agye, Gazawa, sai Tasawa. A ƙananan garuruwan nan ba ta tsayawa sai don sauke mutum ɗaya ko biyu, ko kuwa a shingen jandarma. Nan take ƴan mata masu faranti a ka su rufe tagogi, hannu ya miƙo dala ashirin, a jefa ƙullin aya, direba ya ja. Abin da gundumomi uku ke samu daga aljihun matafiyi ke nan. Ko babu abin gani ne a ƙasar? Ko babu abin saye? Akwai, mai karatu. Abin da babu shi ne dalilin da zai sa baƙo ya sauko.

Darasi daga Japon

Bari mu leƙa nesa kaɗan kafin mu dawo gida. A birnin Tokiyo akwai wata tsohuwar unguwa mai suna Asakusa, inda ɗakin ibadar mabiya addinin Buda da ake kira Sensoji yake tun ƙarni na 7. Wanda zai shiga wurin yakan bi wani layi, Nakamise, mai tsawon kamar mita 250, da shaguna wajen 90 dama da hagu, ana sayar da mafici, da tufafin gargajiya, da ƙananan kayan ci. Baƙo ya zo kallo, ya koma da tsaraba. Kallon ne ke ciyar da ciniki, cinikin kuma ke riƙe da unguwar. A shekarar 2024 baƙi sama da miliyan 36 suka shiga ƙasar.

Sai dai abin da ya fi kama da halinmu yana can cikin ƙauyukansu. A 1993 hukumomin Japon suka fara yi wa wasu wuraren tsayawa na bakin hanya rajista, suna kiran su michi-no-eki, wato tashar hanya. Sun fara da 103, yau sun haura 1.200. Sharaɗin ba shi da wuya: wurin ajiye mota da makewayi kyauta dare da rana, wurin da matafiyi zai sami bayanin yankin, da rumfar da manoman wurin ke kasa amfanin gonarsu. Ba su gina wa baƙo abin mamaki ba. Sun ba shi wurin wanke fuska, suka ajiye kayansu kusa da shi.

Tsibiri, gadon Gobir

To, mu me muke da shi? Mu fara daga yamma, cikin gundumar Gidan Rumji. Kilomita goma da ƴan kai daga Maraɗi akwai Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir. Tarihin garin kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali yini guda. Bayan faɗuwar Alƙalawa a hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa sun yi shekaru suna neman wurin kafa gindi. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinar Maraɗi Rauda suka rasu. Bayan wannan ne Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, sarautar gidan su Bawa Jan Gwarzo ta sami sabon zama.

Mai ziyara zai ga ƙofar fada, da fadawa, da dogarai cikin jajayen riguna, ya ji kakaki da algaita in ya dace da ranar Juma'a ko ta salla. Zai kuma ji labarin sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke da gidanta da jama'arta, abin da masana daga ƙasashe da dama suka zo suka yi rubutu a kai. Ranar Laraba kasuwar garin ke ci. Wanda ya haɗa gaisuwar fada da safe da zagayen kasuwa da rana ya yi yinin da bai yi asara ba. Amma wa zai faɗa masa haka? Ɗan Sakkwato ko ɗan Zamfara mai tsagen Gobirawa a fuska yakan wuce ta kan kwalta, bai san nan kusa gadon kakanninsa yake ba.

Aya, riɗi da kaba

Mu ƙetara gabas da Maraɗi. Ƙasar Cadawa da Agye ƙasar aya ce, ƙarama da babba, tana cikin wuraren da suka fi noma ta a Nijar. Idan kaka ta yi, buhuna sukan taru a kasuwa kamar duwatsu, fatake su loda manyan motoci su nufi Najeriya. Ga riɗi, ga wake, ga gyaɗa da manta da ƙuli-ƙulin da mata ke soyawa a cikin gidaje. Ga jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai wajen masu ɗinkin jaka da safar hannu.

Ta ƙasar Gazawa kuwa Gulbin Kaba ya bi, sunansa ma ya faɗi arzikinsa. Goriba ce ta cika kwarin, daga ganyenta ake saƙa tabarma, da faifai, da malfa, da igiya, a tuƙa asabari, ƴaƴanta kuma yara su gwagwiya. Macen da ta yi kwanaki tana saƙa tabarma takan kai ta kasuwa, ɗan baranda ya taya yadda ya ga dama, don ya san ba za ta koma gida da ita ba alhali babu gishiri a tukunya. Tabarmar nan in ta isa Maraɗi ko Yamai sai ta canza farashi, ribar ta tsaya a hannun wanda bai taɓa yanka kaba ba. Da matafiyi zai tsaya ya saya daga hannun mai saƙar, da su biyun duk sun ci riba.

Gazawa ba baƙuwar baƙi ba ce. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya yada zango a nan kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya rubuta yadda ya iske garin kewaye da kafi da gwalalo saboda yaƙe-yaƙen zamanin. Garin ya zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire shi daga Agye. Allo guda a bakin hanya, mai ɗauke da wannan labari cikin Hausa da Faransanci, bai fi ƙarfin ma'aikatar magajin gari ba.

Gonakin da duniya ke zuwa kallo

Akwai kuma abin da mu muka raina don kullum muna ganinsa. Dattawa sun san yadda ƙasar nan ta koma fako bayan farin 1973 da na 1984. A cikin shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi, suka lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara suna da rai a ƙasa. In aka bar tsiro biyu ko uku aka gyara su, sai itace ya tashi ba tare da an dasa ba, ba tare da ban ruwa ba. Shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye yana cikin waɗanda suka yi fice. Mutanensa sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza da mata da makiyaya, suka hana sara ba bisa ƙa'ida ba. Manoma da masana daga wasu ƙasashe sun sha zuwa su ga gawo da kalgo da sabara tsaye cikin gero. Ga baƙi sun zo da ƙafarsu. Amma yawancinsu cikin motar furoje suke zuwa, su ɗauki hoto, su koma Maraɗi su ci abincin rana.

Wane baƙo muke jira?

Kada mu yaudari kanmu. Turawan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa tun sace-sacen Arlit na 2010, kisan Kure na watan Agusta 2020 kuma ya ƙara tsorata su. Yankin bakin iyaka na Gidan Rumji ya sha wahalar ƴan bindiga masu satar shanu da mutane, tun 2019 kuma ƙauyukansa suka karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Iyakar ma an rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 ta buɗe. Wanda ya ce a gina otel a jira Bature, bai san inda rana ta faɗi ba.

Baƙonmu yana nan cikin kar: ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa Diffa, ɗalibar da za ta hutu, falken Jibiya mai zuwa kasuwar Maraɗi ta Litinin da Juma'a, ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ko Libiya yana neman tsarabar gida. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da jirgi ya fara sauke mutane, wanda ya shirya rumfarsa shi zai ci kasuwa.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina gada ba. Kowace karamar hukuma ta ware fili a bakin kwalta, da inuwa, da ruwa, da makewayi mai tsabta, da wurin salla. A ba ƙungiyoyin mata rumfuna, a rubuta farashi a fili don baƙo ya saki jiki, a ɗaure aya da riɗi da ƙuli-ƙuli cikin leda mai sunan garin. A zauna da kamfanonin sufuri su yarda da tsayuwar minti goma sha biyar. A Tsibiri da Ɗan Saga a horar da samari ƴan lakol biyu ko uku su zama masu yi wa baƙi jagora, da izinin fada da na mai gari. A kafa allon da ke nuna ranar kasuwar kowane gari.

Shugabannin ƙananan hukumomin Gidan Rumji, Tsibiri, Cadawa, Agye da Gazawa, magana ta rage gare ku. Harajin rumfa da za ku karɓa ya fi wanda ake bin ƴar talla da shi a guje. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka ne, kuma mutanenmu ba su rasa ta ba. Amma mu da muke saƙa tabarmar, ya kamata mu shimfiɗa ta a inda baƙo zai gan ta, ya zauna, ya tambayi kuɗinta.